Jinyar Masu Gigin Tsufa a Gida: Tsammanin Dangi da Wadda Nauyin ke Faɗa wa a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da 'yan gida ɗaya suke tsammani daga junansu a ƙasar Hausa idan tsoho ko tsohuwa suka kamu da cutar mantuwa, wadda jama'a suka fi kira gigin tsufa. Matsayinta shi ne cewa ƙudurin jinyar iyaye a gida ƙuduri ne mai kyau, kuma babu tsarin da zai maye gurbinsa nan kusa. Sai dai yadda ake aiwatar da shi yana jibga aikin shekaru a kan mace guda, sau da yawa ma wadda shari'a ba ta ɗora wa ba. An dogara da binciken da aka buga daga Ibadan da Jos da Zariya, da hukuncin fiƙihun Malikiyya a kan ciyar da iyaye, da kuma abin da aka gani a Japan da jihar Gowa ta Indiya.

Gabatarwa



Da wuya a tayar da zancen tsofaffi a taron masu bincike irin wannan a tashi ba a ji wani ya ce mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu ba. Maganar gaskiya ce, kuma ina cikin masu alfahari da ita. Abin da na zo tambaya ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi nauyi. Idan tsohuwa ta farka ƙarfe biyu na dare tana jijjiga ƙofa za ta tafi garinsu, wa ke tashi? Idan ta ɓata shimfiɗa, wa ke wankewa? Tsawon shekara nawa, kuma da kuɗin wa? Mai yin alfaharin a bainar jama'a galibi namiji ne, mai amsa waɗannan tambayoyi kuwa tana cikin gida, ba a gayyace ta taron ba.

Cutar da girmanta

Gigin tsufa ba tsufa ba ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa wanda ke cinye tunani sannu a hankali, ya taɓa magana da gane hanya da sanin lokaci, ya canza hali, daga ƙarshe ya hana mutum cin abinci da tsaftace kansa. Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzaima, wadda ta samo sunanta daga likitan Jamus Alois Alzheimer da ya bayyana ta a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan nau'i ne ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon. Mai bi masa shi ne wanda toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke haddasawa, kuma wannan ya kamata ya dame mu ƙwarai, domin hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki sun yi katutu a cikinmu, da yawa kuma ba sa shan magani a kai a kai.

Hukumar ta ce masu ciwon a duniya sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Rahoton da ƙungiyar duniya mai kula da cutar Alzaima ta fitar a 2017 ya sa adadin Afirka kudu da Sahara a miliyan 2.13 a 2015, ya kuma yi hasashen zai kai miliyan 7.62 a 2050.

A Nijeriya, aikin da ya fi daɗewa shi ne wanda aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka, wanda Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suke cikin jagororinsa. Sakamakonsu na 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 na Yarabawa masu shekara 65 zuwa sama suna da ciwon, alhali a tsakanin baƙaƙen fatar Indiyanafolis kashi 8.24 ne. Oye Gureje da abokan aikinsa, da suka yi amfani da wani ma'auni daban a ƙasar Yarabawa, sun samu kashi 10.1 a 2006. A Jos an samu kashi 6.4 a wannan shekarar, a Zariya kuma binciken da aka buga a 2011 ya samu kusan kashi 3. Wannan tazara tana da nasaba da irin tambayoyin da ake gwada mutane da su, musamman waɗanda ba su yi boko ba, da kuma yadda iyali ba sa kawo mantuwa a matsayin ƙorafi tun da sun ɗauke ta tsufa. Da Adeloye da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi, a 2019 sun ƙiyasta cewa masu ciwon a Nijeriya sun tashi daga kimanin 63,500 a 1995 zuwa kimanin 318,000 a 2015.

Ko wane adadi aka ɗauka, kusan dukkan waɗannan mutane a gida suke. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna cewa cutar ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kusan rabi kuma ƙimar aikin da iyali ke yi ne ba tare da an biya su ba, kimanin awa biyar a kullum ga kowane mai jinya, kuma mata ne ke yin kashi 70 cikin 100 na waɗannan awoyi. Wannan matsakaicin duniya ne, har da ƙasashen da ke da gidajen jinya da ma'aikata masu zuwa gida. A inda babu ko ɗaya, kason iyali ya fi haka nesa.

Abin da dangi ke tsammani

Tsammani na farko shi ne jinya za ta kasance a gida har ƙarshe, kuma neman taimakon bare abin kunya ne. Ɗan da ya ɗauko ma'aikaciyar jinya ya biya ta yana iya jawo wa kansa surutu cewa ya sayar da ladansa, ko matarsa ta fi ƙarfinsa. Da wannan ake rufe ƙofar hutu tun ba a buɗe ta ba.

Na biyu shi ne ana auna jinyar da ma'aunin tsufa na yau da kullum. Tsohon da muka saba da shi yana buƙatar abinci mai laushi da ruwan alwala mai ɗumi da wanda zai raka shi masallaci. Yana gode wa wanda ya yi masa, yana sa albarka, kuma albarkar nan ita ce ladan da ake gani a duniya. Mai gigin tsufa kuwa yana iya zagin wanda ke ba shi abinci a baki, ya kira 'yarsa da sunan kishiyar uwarta, ya tuɓe a tsakar gida. Bayan an gano cutar Alzaima mutum kan rayu shekara huɗu zuwa takwas, wasu har ashirin. Dangi suna shiga jinyar da shirin watanni, irin na mai zazzaɓi ko karaya. Makonnin farko gida cike yake da masu dubiya da kwanukan abinci. Bayan shekara guda sai waya, ita ma ranar Juma'a.

Na uku shi ne mai jinya ba za ta yi ƙorafi ba. Da ta buɗe baki amsar a shirye take: “Haƙuri za ki yi, aljannarki kike nema.” Ko kuma: “Ai tsufa ne, kowa zai je.” Masu faɗin haka ba mugunta suke nufi ba, da yawansu ta'aziyya suke yi iyakar saninsu. Amma maganar tana kashe zancen rabon aiki, domin ta mayar da gajiyar mutum al'amari tsakaninsa da Ubangijinsa, ta cire sauran dangi daga lissafi.

Akwai kuma tsammanin waraka. Da yake ba a san ciwon ba, ana neman sanadinsa a sammu ko iskoki, musamman ganin cewa masu ciwon da yawa sun fi rikicewa da yamma, dab da magariba, lokacin da al'ada ta riga ta danganta da fitowar aljanu. Likitoci sun san wannan rikicewar ta yamma a duk duniya, tana da alaƙa da gajiya da raguwar haske da lalacewar agogon barci a ƙwaƙwalwa. Ba ni da ja da addu'a da tofi, suna kwantar da hankalin mara lafiya da na iyali. Damuwata ita ce gonar da ake sayarwa a kai wa mai magani bayan mai magani, da kuma abin da ke biyo baya idan aka ce sammu ne, domin dole a nemo wanda ya yi shi, kuma yatsa kan nuna wadda ta fi kusa. Wani lokaci ma tsohuwar kanta ake zargi. A arewacin Ghana har yau akwai matsugunan matan da aka kora bisa zargin maita, irin na Gambaga, kuma tsohuwar da ke yawo da dare tana sambatu tana cikin haɗarin irin wannan zargi a wurare da dama na Afirka ta Yamma.

Wadda ke jinyar

A bisa tsarin zamanmu, uwar da mijinta ya rasu takan zauna a gidan babban ɗanta. Ɗan yana fita kasuwa ko ofis da safe, ya dawo bayan isha. 'Ya'yanta mata suna gidajen aurensu, sai da izini za su zo, kuma ba za su kwana da yawa ba. Saboda haka aikin ya rage wa matar ɗa. Idan tsohon namiji ne, yakan faɗa wa ƙaramar matarsa, wadda wataƙila ta girmi jikokinsa da kaɗan. Idan babu waɗannan, akwai 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, wadda a hankali ake daina yi mata zancen sabon aure domin babu mai son ta tafi. Idan ita ma babu, sai a turo jika 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku, a ce ta zo taya kaka zama, karatunta kuma ya tsaya ba tare da wani ya yanke shawarar tsayar da shi ba.

Bari in kawo abin da na gani a wani gida da na sani. Tsohuwar tana ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta kwance ta tura ƙarƙashin katifa, ta manta. Da ta laluba ba ta ji ba sai ta ɗaga murya cewa matar ɗanta ta sace. Baƙi na shigowa za ta riƙe hannunsu ta ce tun jiya ba a ba ta abinci ba, alhali kwanon tuwon da ta gama ci yana bayan ƙofa ba a ɗauke ba tukuna. Da ɗan ya dawo da dare takan natsu, ta gaishe shi da sunansa, ta tambaye shi kasuwa. Wata rana ya ce wa matarsa: “Ni dai ban ga abin da kike faɗa ba. Inna lafiyarta ƙalau, ki dai riƙa bin ta a hankali.” Ta ce: “Maigida, ka zauna da mu wuni ɗaya kawai.” Bai zauna ba. 'Yan'uwansa mata da suka zo suka ji zancen yunwa da sata daga bakin uwarsu, suka gaskata, domin wa zai ƙaryata uwarsa a kan matar wa? Sai da matar ta yi yaji, babbar 'yar ta karɓi jinyar, kafin mako ya zagayo ita ma aka kira ta ɓarauniya.

Abubuwa biyu a nan alamomin ciwon ne da aka sani. Zargin sata yana cikin ruɗun da suka fi yawa a cutar Alzaima, kuma masu ciwon kan iya tattara hankalinsu na ɗan lokaci a gaban wanda ba ya wuni da su. Jahilcin waɗannan abubuwa biyu kaɗai ya isa ya kashe aure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan gida shaidar mai ɗakin ce aka fara jefarwa.

Ga kuma batun kunya, wanda ban ga an ba shi haƙƙinsa a rubuce-rubucen da ake yi ba. Al'ada ta hana matar ɗa ta ambaci sunan surukinta ko ta ci abinci a gabansa. Ita ce kuma ake tsammanin za ta canza masa tufafi idan ya yi fitsari, ta sa masa famfas. Ɗansa, wanda shi ne ya fi cancanta ya ga tsiraicin mahaifinsa idan lalura ta kama, ya tafi nema. Matan da suka shiga wannan hali ba sa iya faɗa wa kowa, ko likita.

Tun 1980 Steven Zarit ya fito da ma'aunin nauyin da masu jinya ke ɗauka, kuma binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna suna fama da ciwon damuwa da rashin barci fiye da sauran jama'a. A wajenmu akwai ƙarin asarar sana'a. Matar da ke yin ƙosai ko ɗinki ko kitso a cikin gida, da shi take adashi take yi wa 'yarta kayan ɗaki, ita ce ke ajiye sana'ar. Ba a rubuta wannan asara a ko'ina. Mai jinyar da ta gaji kuma ita ce ke kulle tsoho a ɗaki, ko ta ɗaure masa ƙafa da zane, ko ta aika kemis a sayo maganin barci. Irin waɗannan magunguna suna ƙara rikicewa da faɗuwa, kuma tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwo. Ba na kare ɗaure tsoho. Ina cewa ne wanda ya bar mace guda da aikin dare da rana shekara da shekaru yana da kaso a cikin igiyar.

Abin da fiƙihu ya ɗora da wanda ya ɗora wa

Ana kafa tsammanin dangi da addini, saboda haka ya dace a koma a duba abin da addinin ya ce. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun yi umarni da kyautata wa iyaye musamman idan tsufa ya riske su a wurin ɗa, sun hana ko nuna ƙosawa. Aya ta 70 ta Suratun Nahli da ta 5 ta Suratul Hajji sun ambaci matakin rayuwa da mutum ke rasa sanin abin da ya sani a da. Wanda ake magana da shi a umarnin kyautatawa shi ne ɗa da 'ya, wato wanda aka haifa.

Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun fayyace. Risala ta Ibn Abi Zaid ta lissafa iyaye matalauta cikin waɗanda ciyar da su ya wajaba. Mukhtasar na Khalil da sharhohinsa sun nuna wajibcin yana kan ɗa mai hali, namiji ko mace, ana raba shi tsakanin 'ya'ya gwargwadon wadatar kowa a zance mafi shahara, kuma ya haɗa har da ɗaukar nauyin mai yi wa iyayen hidima. Wannan batu na ƙarshe ya rushe zancen cewa ɗauko mai aiki a biya ta guje wa lada ne. Malamanmu sun san shi tun ƙarnuka. Game da matar ɗa kuwa, malaman fiƙihu ba su wajabta mata hidimar iyayen miji ba. Idan ta yi, kyautatawa ce da za a gode mata, a kuma saka mata. Abin da al'ada ta yi shi ne ta ɗauke wajibi daga kan wanda aka ɗora wa ta aza a kan mai sa kai, sannan ta riƙa tuhumar mai sa kan idan ta gaza.

Fiƙihu yana da wani sauƙi da iyalai ba su sani ba. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Ba a tilasta masa azumi, ba a yi masa faɗa don ya yi sallar azahar sau uku ko ya manta da ita. Sakin da ya furta a wannan hali ba ya aukuwa, cinikinsa da kyautarsa ba sa zartuwa, kuma alƙali na iya naɗa mai kula da dukiyarsa. Wannan yana da amfani a gidajen da wani ɗa ke lallaɓawa ya sa tsoho ya dangwala hannu a takardar fili. Haka nan 'ya'yan da ke kwana da fargabar bakin uwa, saboda ta tsine musu cikin ruɗewa, suna buƙatar malami ya zaunar da su ya gaya musu cewa ciwo ne ke magana. Na ga dattijo mai furfura yana kuka a kan irin wannan tsinuwa. Huɗuba guda a kan wannan batu za ta kai inda takardun asibiti ba za su kai ba.

Gidan da aka gina tsammanin a kansa

Tsammanin nan ya samo asali ne daga gidan gandu, irin wanda Polly Hill ta bayyana a littafinta na 1972 a kan Batagarawa, inda uba da 'ya'yansa masu aure suke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya. A irin wannan gida akwai matan 'ya'ya da yawa da jikoki da zaure mai mutane, tsohon da ya fita kuma duk gari an san shi, wani zai riƙo hannunsa ya dawo da shi. Ko a lokacin, Hill ta nuna gandu ba ya ɗorewa a gidajen matalauta. Yau ɗa yana haya a ɗaki biyu a gefen Kano ko Kaduna, ƙannensa suna Abuja da Legas ko sun tafi ci-rani, maƙwabta ba su san tsohon ba. Idan ya fita sai dai a kai cigiya gidan rediyo da masallatai. A yankunan da rikici ya tarwatsa, a Borno da Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, an raba tsofaffi da garuruwan da ƙafarsu ta haddace, kuma sauya wuri yana ƙara wa mai wannan ciwo ruɗewa.

Isabella Aboderin, a binciken da ta yi a Accra, ta nuna cewa raguwar tallafin 'ya'ya ga iyaye ta fi alaƙa da ƙuncin tattalin arziki, inda mai ƙaramin ƙarfi ke fifita matarsa da 'ya'yansa, fiye da zancen lalacewar tarbiyya da aka fi so a yi. Ina ganin haka abin yake a wajenmu. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fita, mafi yawan tsofaffi kuma manoma ne da 'yan kasuwa marasa fansho.

A takarda an samu ci gaba. Akwai dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a 2018, da manufar ƙasa a kan tsufa ta 2021, da dokar inshorar lafiya ta 2022 mai asusun marasa galihu, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012. A arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Sai dai iyali ba sa son kai uba asibitin da jama'a ke kira na mahaukata, likitocin fannin kuma 'yan ɗaruruwa ne ga al'umma mai fiye da miliyan 200.

Japan da Gowa

Japan ta taɓa zama inda muke. A can ma matar babban ɗa ce ke jinyar surukai, kuma kai iyaye gidan jinya abin kunya ne. A 1972 marubuciya Sawako Ariyoshi ta fitar da wani ƙagaggen labari a kan ma'aikaciyar da ke jinyar surukinta mai gigin tsufa yayin da mijinta ya zura ido. An sayar da fiye da kwafi miliyan guda, zancen ya fito daga ɗaka ya shiga majalisa. A 2000 ƙasar ta fara inshorar jinya ta dole, wadda kowa ke biya daga shekara 40. Abin lura shi ne sun ƙi bin tsarin Jamus na 1995 mai ba iyali kuɗi a hannu, domin ƙungiyoyin mata sun ce kuɗin zai ƙara ɗaure matar ɗa ne a gida. Suka zaɓi hidima: ma'aikaci mai zuwa gida, wurin wuni, da kwanan 'yan kwanaki don mai jinya ta huta. Duk da haka kimanin mutum dubu ɗari ne ke barin aiki duk shekara a Japan saboda jinya. Ba mu da kuɗin Japan, kuma ban kawo ta don mu kwaikwayi inshorarta ba. Na kawo ta ne don ta nuna cewa al'umma mai girmama iyaye tana iya amsa cewa matar ɗa ta gaji ba tare da ta watsar da iyayen ba.

Gowa ta fi kusa da aljihunmu. A gwajin da Amit Dias da abokan aikinsa suka buga a 2008, an horar da mutanen gari waɗanda ba likitoci ba, suna ziyartar gidaje tsawon wata shida ƙarƙashin kulawar ƙwararru, suna bayyana wa iyali ciwon da dabarun zama da shi. Iyalai 81 ne suka shiga. Ciwon bai warke ba, amma damuwar masu jinya ta ragu ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da darussan masu jinya da ta kira iSupport, da kuma jagorar mhGAP ga ma'aikatan ƙananan asibitoci. Muna da ma'aikatan lafiya na unguwa da matan da suka yi shekaru suna shiga gida gida don allurar shan-inna, muna da malaman Islamiyyar matan aure da 'yan agaji. Mayar da waɗannan darussa Hausa, a rubutun boko da ajami da kuma murya don rediyo da waya, aiki ne da sashen koyar da aikin jinya da sashen Hausa na jami'a guda za su iya yi tare.

Abin da za a koyar ba shi da tsada. Kada a yi gardama da mai ciwon, idan ta ce za ta tafi gida a ce to bari a sha fura tukuna. A ɗinka masa suna da lambar waya a cikin riga, a sanar da mai unguwa da masu shaguna. A kunna fitila kafin magariba. A riƙa juya wanda ya kwanta don gudun gyambon kwanciya. Mafi muhimmanci, a san cewa rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ba ci gaban gigin tsufa ba ce, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ko ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma tana da magani idan an je asibiti da wuri.

Sauran aikin na dangi ne, kuma wurinsa shi ne zaman da 'ya'ya za su yi da zarar likita ya tabbatar da ciwon, a gaban wani babba ko limami, da mai jinyar a zaune ana jin ta bakinta. A wannan zama za a faɗi kuɗin magani da famfas da sabulu na wata, a raba gwargwadon hali kamar yadda fiƙihu ya tsara. A sa ranakun da kowane ɗa namiji zai kwana da mahaifinsa ya yi masa wanka, a nemi izinin mazajen 'ya'ya mata tun da wuri, a yanka wa matar ɗa ko 'yar da ke zaune wani abu a wata a madadin sana'arta, da ranakun da za ta tafi gidansu. Jikar da aka turo kuma a rubuta wanda zai tsaya a wurinta lokacin makaranta.

Ga masu bincike a wannan zaure, binciken Ibadan da Jos da Zariya da na ambata ya ƙirga masu ciwon ne. Wanda nake roƙon ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku su ɗauka shi ne na masu jinyar: dangantakarsu da mara lafiya, shekarunsu, awoyin da suke yi, sana'ar da suka bari da karatun da ya tsaya. A yi shi da Hausa, a tura mata su yi tambayoyin a cikin ɗaki, a lokacin da maigida da 'yan'uwansa ba sa wurin.